Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin manyan makarantun Zariya da hukumar horar da ma'aikata ta ITF, kan yaranmu 'yan IT masu fita koyon aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe malamanmu kuma iyayenmu, shugabannin jami'a da na poli da na kwalejojin da ke garin nan, da daraktocin SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a wajen makaranta da ake kira IT, na kowace makaranta, da jami'an hukumar ITF. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Allah ya taya ku riƙo.

Ni ba wani ba ne, shagon aikin wuta gare ni a Sabon Gari, muna haɗa sola da inbata, muna wayarin ɗin gidaje, muna kuma riwayin ɗin injin ruwa da fanka. Na yi poli har HND kafin in kama wannan sana'ar, saboda haka ɓangarorin nan biyu duk na ɗanɗana, na zauna a aji na kuma zauna a ƙasa da sukundireba a hannu. Duk shekara yaranku na zuwa min da takardar neman wurin IT, wasu in karɓa wasu in ba su haƙuri don wurin ba shi da girma. Abin da nake gani a tare da su ne ya sa na ce bari in rubuto, tunda irinmu ba a kiranmu mitin.

Maganar a taƙaice ita ce, wannan shiri da aka ƙirƙiro don yaro ya taɓa aiki da hannunsa ya koma shirin cike takarda. Logbuk, sitamfi, sa hannu, fom, maki. Shikenan. Yaro zai yi wata 4 ko wata 6 a waje ya dawo muku da littafi cike taf, a ba shi A, amma da za ku miƙa masa mita ku ce gwada min batirin nan, wallahi da yawa sai dai su yi ta juya ta a hannu. Kuma ba laifin yaran ba ne kaɗai, kowa ya san haka, mu mun sani ku ma kun sani, kawai dai an yi shiru ne saboda kowa takardarsa ta cika.

Ku kun fi ni sanin tarihin abin amma bari in tuna mana. An kafa ITF a 1971, hedikwatarta na Jos, a 1973 ta fito da SIWES, kuma dalilin da ya sa aka yi shi shi ne masu masana'antu na wancan lokacin suna kukan cewa yaran da ke fitowa daga manyan makarantu sun san karatu amma ba su san aiki ba. A 1979 aka miƙa shirin ga NUC mai kula da jami'o'i da NBTE mai kula da poli, a 1984 aka sake dawo da shi hannun ITF. To ranku ya daɗe yau fiye da shekara 50 kenan, kukan da aka yi a 1973 shi muke yi har gobe, sai ma abin da ya ƙaru.

Abin da ya canza, wanda nake ganin tsarin bai waiwaya ya duba ba, shi ne inda ake tura yaran. Lokacin da aka tsara SIWES akwai masana'antu suna hayaƙi. Masaƙar KTL a Kaduna tun 1957 take aiki, ga UNTL ga Arewa Textiles, Kakuri gaba ɗaya a cike da ma'aikata, Peugeot ta fara haɗa mota a Kaduna a 1975, matatar mai ta zo a 1980, nan Zariya ma ga jirgin ƙasa ga kamfanin taba ga wuraren gurzar auduga da matsar mai. Yaro in an tura shi akwai fomanin da zai karɓe shi ya sa masa hula ya ce bi ni. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibai kuwa ninkuwa suka yi ta yi. ABU kaɗai da aka buɗe a 1962 ku duba yawan yaran da take da su yanzu tsakanin Samaru da Kongo, ga poli ta Nuhu Bamalli, ga tsohuwar FCE da ta koma jami'ar ilimi ta tarayya, ga kwalejin aikin gona, ga masu zuwa daga wasu garuruwan don gidan iyayensu na nan. Duk waɗannan a lokaci guda ake sako su kowa da wasiƙa a hannu ya je ya nemo wa kansa wuri. Ina za su?

Na san za a ce ai Zariya Allah ya yi mata arzikin cibiyoyi, kuma gaskiya ne. Akwai IAR da NAERLS na harkar noma a Samaru, NAPRI ta kiwon dabbobi a Shika, NARICT ta sinadarai a Basawa, NILEST ta harkar fata, NITT ta sufuri, ga kwalejin jiragen sama da aka kafa tun 1964. Wanda ya yi sa'a ya samu shiga irin waɗannan wuraren ya haɗu da mutumin kirki yana koyon abu sosai. Amma nawa za su ɗauka? Kuma wa ke samu? Mun san amsar, sai mai kawu ko mai wanda zai ɗaga masa waya. Sauran sai su bazama ofisoshi da sakatariya, a karɓe su don kunya, a nuna musu benci. Ɗan injiniya ya ƙare a fotokwafi da sayo wa oga abinci. Wasu ma tun ranar farko ake ce musu ku tafi gida abinku, in lokaci ya cika ku kawo littafin a sa muku hannu, kuma wallahi a ganin mai ofis ɗin taimako ya yi musu, ya rage musu kuɗin mota.

Na sha buɗe logbuk ɗin yaran da suka fara a wani wurin kafin su dawo wajena. Satin farko an gabatar da mu ga ma'aikata. Sati na biyu an zagaya da mu. Na uku babu wuta. Daga nan kuma sai ka ga rubutu ya canza ya zama tsaf tsaf da zane mai kyau na injin da wurin ma ba su da shi, ka tambayi yaro ina ka ga wannan, sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Daga intanet ne, ko daga littafin wani na gaba da shi da ya gama bara. Ba na ganin baƙinsa. An ce dole kowane sati ya cika, shi kuma bai yi komai ba, me kuke so ya rubuta?

Bari in ba ku misalin abin da nake nufi da taɓa aiki. Wani yaro ya zo min, aji 4 yake a fannin lantarki, yaro mai hankali mai ladabi, in ka tambaye shi dokar Ohm kafin ka rufe baki ya kawo ta. Na ba shi mita na ce duba min ko batirin can ya cika. Bai lura ba wayar mitar tana ramin auna amfiya, ya ɗora kan batir kai tsaye, ji kake ɗas, fiyus ɗin cikin mitar ya tafi, shi kuma ya yi tsalle ya saki komai jikinsa na rawa yana ta ba ni haƙuri yana cewa zai biya. Na ce zauna. Na kwance bayan mitar na ciro fiyus ɗin na sa masa a tafin hannu, na ce gaya min me ya faru. Ya yi shiru can sai ya fara lissafi da kansa, cewa in mita tana kan amfiya to kusan waya ce miƙaƙƙiya, ya haɗa kawunan batirin biyu da waya kenan. Kun ga, ya san abin tun a aji, a jarabawa da ya ci, amma sai ranar ilimin ya sauko hannunsa. Daga ranar har ya gama ban taɓa ganin ya ɗauki mita bai fara duba ramin wayar ba, har sauran yaran shago yake tsawatar wa. Kuɗin fiyus ɗin nan bai kai na kwanon abinci ba. Gani ya kori ji.

Amma a lura, ƙonewar fiyus ɗin kaɗai ba ita ta koya masa ba. Da na daka masa tsawa na ƙwace mitar da abin da zai koya shi ne tsoron mita da tsorona. Zaman da muka yi bayan nan, da tambayar me ya faru, da sake ba shi mitar ya gwada, su ne karatun. Masu ilimin koyarwa a cikinku sun san wannan, wani Ba'amurke David Kolb ya tsara shi tun 1984, cewa mutum zai yi abu, ya tsaya ya yi tunanin abin da ya faru, ya fitar da ƙa'ida, sannan ya sake gwadawa, haka abin zai yi ta zagayawa. Ana koyar da shi a fannin ilimi a makarantunku. To amma a SIWES ɗinmu wa ke zama da yaro ya tambaye shi me ya faru? Logbuk ɗin da ya kamata ya yi wannan aikin ba mai karanta shi sai a ƙarshe, shi ma sitamfi ake dubawa.

Yanzu ga babban abin da ya kawo ni. Wuraren da ake aikin hannu na gaskiya a garin nan yau, yawancinsu ba kamfani ba ne masu geti da maigadi. Gareji ne, shagon walda ne, masu haɗa injin niƙa da na casar masara da shinkafa, masu gyaran janareto, masu firij da AC, masu gyaran waya a PZ, masu haƙa bohol, gonakin kaji da ke bayan gari, masu ɗinkin takalmi da jaka. Ku bi ta Sabon Gari da Tudun Wada da Kwangila da Muciya da safe ku ji ƙarar guduma. Nan aikin yake. Amma yaro in ya kawo sunan irin wannan wurin sau da yawa sai a ce masa ba a yarda ba, ina takarda mai kan kamfani, ina rajista, ina sitamfi. Akwai yaron da ya zo min yana son zama wajen wani dattijo maƙwabcina mai riwayin, mutumin da tun kafin a haifi yaron yake naɗa kwayil, da yatsa yake taɓa waya ya gaya maka lambarta, amma makarantarsu ta ƙi saboda dattijon ba shi da sitamfi. Yaron ya koma wani ofis ya yi wata 4 yana kallon silin. An zaɓi sitamfi an bar malami.

Kuma abin mamaki a Zariya ake wannan. Masallacin Juma'a na cikin birni da masana gine-gine ke zuwa kallo daga ƙasashen waje, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi wajen shekarun 1830, har yau akwai unguwa da sunansa, kuma a sashen zanen gine-gine ana karantar da aikinsa. A wane aji ya zauna? A gindin magina ya tashi yana miƙa tubali. Haka masu ɗinkin babbar riga na cikin gari, haka dukawa da majema da maƙera, yaro zai fara da share wuri da miƙa kaya, a ba shi ƙaramin aiki, ya ɓata a gyara masa, a ƙara masa wani, har ranar da za a yaye shi. Tsari ne cikakke mai matakai, rubuta shi ne kawai ba a yi ba.

Abin da nake roƙo ba wai a buɗe ƙofa kowane shago ya zama wurin IT ba, a'a, akwai wuraren da ni kaina ba zan tura ɗana ba. Ku fito ku duba. Kowane dipatmen ya tura malami ɗaya da teknishan ɗaya su zagaya garin nan, su ga wa ke da kayan aiki, wa ke da aiki a hannu kullum, wa ke da halin zama da yaro, su yi magana da ƙungiyoyin masu sana'a don kowace sana'a tana da shugabanninta kuma sun san na kirki sun san na banza. A rubuta sunayen, a ce wane zai iya ɗaukar yara 2 wane 3, a riƙa sabunta takardar duk shekara, wanda aka samu yana wulaƙanta yara a cire shi. NBTE da hedikwatarta ke nan Kaduna kusa da mu ai tana da tsarin NSQ na ba masu sana'a shaidar ƙwarewa, har da wanda ya koya a gareji ba a aji ba. To in gwamnati ta yarda a auna ƙwarewar makanike a ba shi takarda, me zai hana makaranta ta yarda ya koyar da ɗalibinta na wata 4?

Kar kuma a ɗauka ina cewa mu mun fi ku ne. Wallahi muna buƙatar yaranku kamar yadda suke buƙatarmu. Masu sana'a da yawa sun san yadda ake yi amma ba su san dalili ba, shi ya sa in sabon abu ya zo sai a yi ta lalube ana ɓata wa mutane kaya. Akwai babban yarona na shago, hannunsa ya faɗa sosai, amma kullum rigimarmu da shi a kan wayar batir ce, shi a ganinsa ɓarnar kuɗi ce a sa mai kauri. Wata yarinya 'yar IT ce ta raba mana gardamar, ta ɗauki alli ta rubuta a jikin ƙofa, ta ce kaya mai cin wat 2,400 in a wutar NEPA ne mai bolt 230 amfiya 10 da 'yan kai zai ja, amma a ɓangaren batir mai bolt 24 amfiya 100 zai ja, to wayar da ta ɗauki 10 ta yaya za ta ɗauki 100 ba ta yi zafi ta narke ba? Ya tsaya yana kallon ƙofar ya ce au, ashe shi ya sa. Abin da na yi ta faɗa masa da baki bai shiga ba lissafin layi biyu ya shigar. Shi kuma shi ya koya mata yadda ake matse kan waya da yadda ake hawa rufin kwano ba a lotsa shi ba. Wannan musayar ita ce SIWES a wajena, kowa ya tashi da riba.

Tunda na ambaci yarinyar nan bari in ce wani abu kan 'yan mata. Su abin ya fi shafa. Duk inda suka je teburin karɓar baƙi ake ba su ko a ce su riƙa rubuta rasit, ko da kuwa injiniya suke karanta. Iyaye kuma suna da hujjarsu in sun ji tsoron gareji, don ba kowane wuri ne ya dace ba kuma ba kowane oga ne mai tsoron Allah ba, wannan magana ce da ake jin nauyin faɗa amma tana faruwa, kuma yarinya ba ta da inda za ta kai ƙara don sa hannun mutumin take jira. A tura su bibbiyu, a ba su lambar wata malama mace a makaranta da za su iya kira, kuma a sanar da mai wurin tun ranar farko cewa akwai wannan lambar.

Sai maganar sufabaiza. A ƙa'ida malami zai zo ya ga yaro a wurin aiki. A zahiri wani ya zo sau ɗaya ana saura kwana kaɗan a gama, bai ma kashe mota ba, ya ce a miƙo littafi. Wani waya zai yi ya ce duk 'yan yankin su haɗu a wuri kaza su kawo logbuk. Wani ba za a gan shi ba sam. Ban ce duka ba, akwai wani malami dattijo da ya taɓa zuwa shagona ya cire hula ya zauna a kan benci ya ce wa ɗalibinsa haɗa min batiran nan 2 su ba ni bolt 24 ina kallo, ya kuma tambaye ni ra'ayina a kan yaron a gabansa, Allah ya saka masa da alheri. Na kuma san uzurinsu, an ba mutum ɗaya yara masu yawa a garuruwa daban daban, kuɗin zirga-zirgar bai taka kara ya karya ba kuma ba ya fitowa a kan lokaci, ga hanya ba tsaro. To amma wanda ke cikin Zariya fa? Daga Samaru zuwa Sabon Gari ai ba tafiya ba ce. In an rage yawan yaran da ke kan kowane malami, aka ce ziyarar farko a watan farko za a yi ta lokacin da in an ga wurin ba shi da amfani ana iya canza wa yaro, to rabin matsalar ta tafi. Kuma makin nan da ake bayarwa a difens, yaro ya sa kwat ya tsaya gaban majigi yana karanto tarihin kamfani, dan Allah a raba shi biyu, rabi a kan abin da zai yi da hannu a gaban malamai. Ranar da yara suka ji cewa za a miƙa musu kayan aiki a difens, da kansu za su guji wurin zaman benci.

Mu ma masu karɓa ku taimake mu da takarda shafi ɗaya. Ba wasiƙar nan ta turanci mai cewa muna roƙon ku ba shi haɗin kai ba. Ku rubuta ƙarara, wannan yaron ya karanta kaza da kaza, muna so kafin ya dawo ya iya abu kaza da kaza, in da hali har da Hausa don ba kowane mai gareji ke karanta turanci ba. Yanzu lalube muke, yaro ya zo ba ka san me ya sani ba, shi ma bai san me aka turo shi ya koya ba.

Yallaɓai na ITF, ku kuma maganar kuɗi ce. Shekara da shekaru alawus ɗin ɗan SIWES yana kan naira 2,500 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, ɗan bautar ƙasa ma yanzu 77,000 yake karɓa. Ku lissafa kuɗin Keke daga Samaru ko Shika zuwa cikin gari a dawo, kwana nawa 2,500 za ta yi? Kuma ko ita ɗin sai bayan an gama da daɗewa, wasu har su kammala makaranta suna jira. Yaron da ba shi da kuɗin mota ba zai zo kullum ba, zai zo Litinin da Alhamis ya ce min oga wallahi ba hali, ni kuma in na samu in ɗan ba shi na mota in ban samu ba in yi shiru. Kuɗin nan a lokacin da ake aikin yake da amfani. Sannan doka ta ce kamfanonin da abin ya hau kansu su ba ku kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu duk shekara, wanda ya horar da ma'aikatansa kuma yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. Madalla. To ƙaramin mai sana'a da yake horar da ɗaliban ƙasa kyauta, da kayansa ake koyo, nasa ake ƙonawa, me aka tanadar masa? Ba albashi muke nema ba. Ko takalmin aiki da safar hannu da tabarau na walda ga yaran, ko kwas na sati ɗaya a koya mana yadda ake koyarwa da yadda ake kiyaye haɗari, don gaskiya a nan muna da rauni, yara na aiki da silifas a wurin da ake yankan ƙarfe, kuma in tsautsayi ya faɗa ba wanda ya san wa zai ɗauki nauyin asibiti, makaranta ce ko ku ne ko mai shago.

Abin bai tsaya a IT ba, yana bin yaro har bayan digiri. Ya gama, ya tafi bautar ƙasa, wanda ya karanta injiniya ko kimiyyar sinadarai a tura shi sakandare ya koyar da duk abin da babu malaminsa, shekara ta wuce. NYSC ta kawo SAED tun 2012 don koyar da sana'a, abu ne mai kyau, amma 'yan kwanakin sansani ba sa mai da mutum gwani. Ya dawo ya fara neman aiki a ce sai mai gogewar shekara 3 ko 5. A ina zai samo ta? Ni na ga masu digiri da suka dawo shagona suka ce oga a ɗauke ni kamar yaron shago in fara daga farko, wasu a ɓoye suke zuwa kar abokai su gani. Ina karɓarsu kuma suna saurin kamawa fiye da kowa saboda kan a buɗe yake, amma raina na ɓaci, don abin da suke koya suna da shekara 27 da an tsara da kyau da sun koye shi tun suna aji 2.

Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Likita ba ya samun cikakken lasisi sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya a asibiti, haka mai harhaɗa magani, kuma ɗaliban likita tun suna makaranta suna asibitin koyarwa na Shika suna bin manyan likitoci gado gado ana tambayarsu a gaban mara lafiya. 'Yan aikin gona suna da shekara guda ta aikin gona zalla. Ba wanda ya taɓa cewa a bar ɗalibin likita ya je ya nemo wa kansa asibiti ya kawo sitamfi, saboda an san rai ne. To wanda zai yi wayarin ɗin gidan da mutane za su kwana a ciki fa, ko wanda zai lissafa rodin bene? A waje ma haka ne, jami'ar Cincinnati a Amurka tun 1906 ta fara raba wa ɗaliban injiniya lokaci tsakanin aji da masana'anta, a Jamus kuma yaro kwana 3 ko 4 yake yi a wurin aiki, 1 ko 2 a makaranta, ana biyansa, kuma ƙananan masu sana'a suna cikin masu horarwar, ba manyan kamfanoni kaɗai ba.

'Yan uwana masu shaguna da gareji, na san wasunku za su karanta ko a karanta musu, mu ma da namu. Ɗan IT ba ɗan aike ba ne. In ka san ba za ka bar shi ya taɓa komai ba kar ka karɓe shi, kuma ɓoye sirrin aiki da wasu ke yi, a tura yaro sayo ruwa daidai lokacin da za a yi abin da ya zo gani, wannan ba wayo ba ne. Ku kuma yara, wanda ya zo da farar shadda yana tsoron baƙin mai ya riƙa danna waya har a tashi, kar ya ce an ƙi koya masa.

Ranku ya daɗe, in akwai dipatmen ɗin da yake son gwada wannan abin ko da da yara 10 ne a zangon da ke tafe, ni zan iya haɗa ku da shugabannin masu walda da na masu gyaran janareto da namu na masu aikin wuta, mun riga mun yi maganar a tsakaninmu kuma da yawa sun ce suna so. Asabar da safe ta fi mana sauƙi kafin kowa ya fita aiki. Sai dai wanda za ku turo ya zo da shirin zama a benci, don ba mu da ofis.

Wassalam.

Naku,
wani mai shagon aikin wuta,
Sabon Gari, Zariya.